Tambayoyinku: Wace waƙar Jafanawa ce ta dace da magidanci a ɗakin karawoke?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali, ya kuma zafin nan namu na Jidda. Ni mutumin Katsina ne, shekarata 48, yau shekara 21 kenan ina nan Saudiyya, ina aiki a wata sharika, wato kamfani, da muke gyaran manyan injina kuma galibin kayanmu daga Jafan suke zuwa. Toh mudir ɗinmu, wato manajanmu, ya sa sunana cikin mutum huɗu da za a tura kwas na wata biyu a Nagoya, alhamdulillah. Sai dai wani abokin aikina da ya je bara yake ce min wai a daren ƙarshe dole sai sun kai ku karawoke, kuma kowa sai ya riƙe makirfo ya yi waƙa, shi da ya ƙi yi sai ya ga kamar ransu bai so ba duk da ba su ce masa komai ba. Ni ba hukuncin waƙa nake tambaya ba, wannan mun yi maganarsa da malamina. Abun da ke damuna shine ina da furfura a gemu, babbar 'yata ta isa aure, ban son in tashi gaban mutane ina tsalle kamar yaro, kuma ban son in rera abun da ban san ma'anarsa ba in je in faɗi saɓo. Na ji an ce ka taɓa zama can. Dan Allah wace waƙa zan koya?

Mai karatu daga unguwar Sabil, Jidda

AMSA

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa a je lafiya a dawo lafiya, ya sa kwas ɗin ya zama silar ƙarin girma a wajen aiki. Na ji daɗin wasiƙar nan sosai domin irin fargabar da ka faɗa ni ma da ita na shiga jirgi lokacin da aka tura ni Osaka, kuma yau in ka tambaye ni me na fi tunawa a duk tafiyar, ba ajin karatu ba ne, daren nan ne.

Ka fara kwantar da hankalinka da abu ɗaya, karawoke tun asali saboda irinmu magidanta aka yi shi, yara daga baya suka shigo. Kalmar ma guda biyu ce aka haɗa, kara wato fanko, da oke wanda gutsuren sunan ƙungiyar makaɗa ne, kiɗa kenan da babu muryar mawaƙi a ciki. Wani makaɗi ne a birnin Kobe, Daisuke Inoue, da yake raka 'yan kasuwa da manyan ma'aikata da kiɗa in suna son rera waƙa da dare, shi ne a 1971 ya haɗa 'yan akwatuna da ake jefa kuɗi su saki kiɗan, bai ma yi rajistar mallakar fasahar ba. Kafin shi akwai wani injiniya a Tokyo, Shigeichi Negishi, da ya yi irin nasa akwatin a 1967. Toh kaga masu ƙulla taye da sanƙo ne suka fara riƙe makirfon nan, babu wanda zai kalli furfurarka ya ga baƙon abu.

Kuma ba murya suke nema a wajenka ba Alhaji. Mutanen nan za ka yi wata biyu da su kullum cikin ladabi da sunkuyo da kai, ba wanda zai faɗa maka abun da ke ransa, sai a ɗakin nan ne babba ke sauke girmansa ya yi waƙa gaban yaransa ko da muryar ba ta da daɗi su tafa masa. In baƙo ya ƙi karɓar makirfo, ji suke kamar sun shimfiɗa maka tabarma ka ƙi zama. In kuwa ka tashi ka rera tasu da harshensu, wallahi ko da ka yi ta tuntuɓe a baiti, ka yi musu kara irin wadda ba sa mantawa. Saboda haka shawarata kar ka tara waƙoƙi goma, ka riƙe biyu kawai ka iya su da kyau, ta uku ta zama ta ko-ta-kwana. Su kansu haka suke, kowane dattijo yana da tasa guda da aka san shi da ita, suna ce mata ohako.

Ta farko da zan ba ka, kuma in ɗaya tak za ka iya koya to ita ce, Ue o Muite Arukou ta Kyu Sakamoto, ta fito a 1961. Ma'anar sunan, in yi tafiya kaina a sama, wato mutum ne yake tafiya shi kaɗai da dare yana ɗaga kai don kar hawayensa su zubo, iyakar abun da ke ciki kenan, babu giya babu batsa babu abun bauta. Kalmominta kaɗan ne kuma suna ta maimaituwa, tafiyarta a hankali, akwai ma inda ake yin fito da baki sai ka samu ka huta. Ita ce ta hau lamba ɗaya a jadawalin Billboard na Amurka a watan Yunin 1963 ta yi sati uku, amma da suna Sukiyaki, wanda sunan wani abincin nama ne da ba ruwansa da waƙar, kawai don ya fi wa Turawa sauƙin faɗa. Mawaƙin ya rasu a hatsarin jirgin sama na 12 ga Agusta 1985 wanda mutum 520 suka mutu, shi ya sa har yau akwai wani tausayi da ake ji in an sa ta. Daga ɗan shekara ashirin har tsoho ɗan tamanin ba wanda bai san ta ba, kana fara baitin farko za ka ji ɗakin duka ya kama maka, kaga ko ka manta wani wuri an rufa maka asiri.

Ta biyu ita ce tawa, kuma ita nake so in ɗan daɗe a kai. Kitaguni no Haru ta Masao Sen, 1977. Kitaguni fassararsa ƙasar arewa, eh Arewa dai, haru kuma lokacin nan ne da sanyi ke wucewa ƙanƙara ta narke itatuwa su fara fure, a wajenmu abun da ya fi kama da shi a zuciya shine ruwan farko na damina, lokacin da ƙasa ke tashin ƙamshi. Labarin wani ɗan ƙauye ne daga arewacin Jafan da ya tafi birni neman kuɗi, sai mahaifiyarsa ta aiko masa da ɗan ƙunshin saƙo domin ta san a birni ba a gane shigowar yanayi, shi kuma yana ta tambayar kansa ko dai in koma gida ne. Shi mawaƙin ma in zai rera ta a talabijin shiga yake irin ta ɗan ci-rani, tsohuwar kwat, takalmin roba, tawul a wuya, da tsohuwar akwati a hannu. Yanzu Alhaji faɗa min, kai da ka shekara 21 a nan, sau nawa alhazai suka zo maka da ƙullin kuka da daddawa da yaji daga wajen Hajiya, an ɗaure bakin leda da tsumma an rubuta sunanka da biro? Ai waƙarmu ce aka yi da wani harshe.

Daren da na rera ta, ɗaki ne ɗan ƙarami a hawa na biyar, kujeru a jikin bango, teburi a tsakiya cike da kofuna, mu tara. Na rubuta baitocin da boko a bayan takardar kwas ina riƙe da ita hannuna na rawa. Akwai wani dattijon injiniya da tunda na zo bai taɓa ce min komai ba banda gaisuwa, ina kaiwa wajen saƙon uwar nan sai na ga ya cire tabarau ya ɗora a gwiwa yana goge ido da ɗan tawul ɗin da ake ba mutum na goge hannu. Da na gama ya matso ya tambaye ni ta bakin tafinta, kai ina ce arewarka? Na ce masa Kano, na ce mu ma Arewa muke ce wa gida. Ya ce shi daga Akita yake, shekara talatin yana Osaka, mahaifiyarsa shinkafa take aiko masa har ta rasu. Mun fi rabin awa muna hira, washegari shi da kansa ya zagaya da ni cikin masana'anta ya nuna min abubuwan da ba su cikin jadawalin kwas.

Abu ɗaya dai ka sani game da ita tunda ka ce kana kiyaye abun da bakinka zai furta, a baiti na uku yana tuna babansa da yayansa yana cewa ko suna zaune suna ɗan shan giya. Ni a ƙarshen baiti na biyu na tsaya na danna maɓallin tsayarwa, kuma ba abun mamaki ba ne a can, mutane da yawa suna yanke waƙa don a ba na gaba dama.

Wannan salon na Kitaguni no Haru ana kiransa enka, kuma za ka ji kunnenka ya saba da shi da wuri domin a kan sauti biyar aka gina yawancinsa, kamar yadda waƙoƙinmu na gargajiya da na mutanen Sudan suke. Akwai wani karkarwar murya da suke yi a ƙarshen kalma, kobushi, kar ka wahalar da kanka da shi, rera ta miƙe. Amma fa ga wani abu da mutane ke kuskure, enka waƙar iyayen sa'o'inka ce. Bajafanen da yake da shekara 48 yau, samartakarsa a shekarun 1990 ya yi ta, abun da ya taso da shi su Mr. Children ne da Spitz da Southern All Stars. In manyan da za su kai ku sun haura sittin, enka ta gama maka komai. In sa'o'inka ne za su ji daɗi dai, amma kamar ka tuna musu da babansu ne. Matsalar waƙoƙin 1990 ɗin kuwa muryarsu sama take sosai, Robinson ta Spitz misali, daɗi kamar me amma in ka bi ta maƙogwaro zai kulle a tsakiya, ban ba ka shawara ba. Wanda ya dace da murya mai kauri irin tamu shine Masaharu Fukuyama, kuma cikin nasa ka ɗauki Kazoku ni Narou yo ta 2011, ma'ana mu zama iyali, waƙar aure ce mai natsuwa da ake fatan a tsufa tare kamar kakanni, uban da 'yarsa ta isa aure in ya rera ta ba wanda zai ce bai yi daidai da shekarunsa ba. Sai dai kalmominta sun fi na biyun farko yawa, sai ka ba ta lokaci.

Akwai Subaru ta Shinji Tanimura, 1980, Allah ya yi masa rasuwa a Oktoban 2023. Subaru taurarin nan ne da muke ce wa kaza da 'ya'yanta, Larabawa su ce Surayya, su ne ma a tambarin motar Subaru in ka lura. Waƙar manya ce ta gaske, tana farawa ƙasa-ƙasa ta yi ta hawa, mutum ne ke sallama zai kama hanyarsa. Jafanancinta na littafi ne mai nauyi, kuma yana magana da taurari irin yadda mawaƙa ke yi, ka nemi fassararta ka karanta tukun ka ga ko ranka ya kwanta. Sau da yawa kuma ita ce ohako ɗin wani babba a wajen, toh kar ka riga shi, in ka ga mudir ɗinsu bai yi tasa ba tukuna ka bari.

Ta ko-ta-kwana kuwa Yosaku ce ta Saburo Kitajima, 1978, mai saran itace ne a daji matarsa na gida tana saƙa, rabin waƙar amshi ne na hei hei ho da kowa zai taya ka, a yini ɗaya za ka haddace.

Waɗanda zan ce ka bari ko da an miƙo maka, Matsuri ta shi Kitajima ɗin, 1984, tana da zafi da armashi kuma dattawa na son ta ƙwarai, amma a cikinta ana gode wa abun bautar dutse da abun bautar teku, wannan ba na bakin musulmi ba ne. Sai Sake yo ta Ikuzo Yoshi, 1988, wadda daga farko har ƙarshe da giya yake zance. Ita kuwa Kanpai ta Tsuyoshi Nagabuchi cikinta fatan alheri ne ga abokin da zai yi aure, amma sunanta da amshinta kalmar da suke faɗa ce in za su haɗa kofuna, kai za ka duba.

Batun furuci kuwa albishirinka, Bahaushe ya fi Balarabe da Bature sa'a a nan nesa ba kusa ba. Wasulansu biyar ne, a i u e o, sak namu. Suna da ja da gajarta kamar yadda muke bambanta gadon kwana da gadon dukiya, suna da ruɓanya baƙi kamar daba da dabba. Kita ya zo, kitta ya yanke, kiita ya ji. Ojisan kawu ne ko magidanci irinka, in ka ja ka ce ojiisan ka mai da mutum kaka. R ɗinsu ɗan taɓa harshe ne sau ɗaya, fu ɗinsu da leɓe biyu ake hura shi kamar f ɗinmu. Wurare biyu za ka kiyaye, tsu nasu ba a matse shi a maƙogwaro kamar tsamiya, sassauƙa ne, sai kuma p, kar ta koma f. A waƙa kowace gaɓa tana da bugunta, har n ɗin ƙarshen kalma ana ba ta nata, in ka haɗiye ta za ka riga kiɗan.

Baitocin da ke fitowa a talabijin ɗin ɗakin da rubutunsu ne, da 'yan ƙananan haruffan hiragana a saman masu wuya. Hiragana guda 46 ne kacal, mutumin da ya iya boko ya iya Larabci ba za su gagare shi ba, in kana ba su minti ashirin kullum bayan an tashi aiki kafin tafiya ka gama. In ba hali ka rubuta da boko a takarda ko a waya, ba aibi ba ne. Na'urorin iri biyu ne suka fi yawa, DAM da JOYSOUND, duka suna da ɗan allo da ake zaɓen waƙa, kuma akwai maɓallin sauke murya ko ɗaga ta, in ka ji ta yi maka sama ka sauke biyu ko uku, kowa na yi. Kafin ranar ka je kai kaɗai da rana ka kama ɗaki na awa ɗaya, da rana ya fi araha kuma zuwa mutum ɗaya abu ne sananne har suna gare shi, hitokara. Nan za ka gane lambar da ta dace da muryarka ka riƙe.

Sai maganar da ta fi duka muhimmanci a wajena. Yawanci karawoke zama na biyu ne, nijikai, bayan an ci abinci an sha, kuma wuraren iri biyu ne. Akwai ɗakin haya na ku-ya-ku irin na Big Echo ko Manekineko, akwai kuma 'yar mashaya da suke ce wa sunakku inda mace mai wurin ke zuba wa baƙi giya ana waƙa. Tun satin farko ka samu wanda ke kula da ku ka faɗa masa a fili cewa kai musulmi ne, ba ka sha, ba ka cin alade, kuma in za a je waƙa ɗaki kake so ba sunakku ba. Mutane ne masu son a gaya musu abu da wuri su tsara, abun da ba sa so shine a zo wuri sannan ka ce a'a. Ni haka na yi, kuma a awa ɗayan da na zauna da su shayin uroncha mai sanyi aka jera a teburin, bayan na yi sallama na kama jirgin ƙasa suka ci gaba da nasu. Ka riƙe osake wa nomemasen, ba na iya shan giya, da uroncha kudasai, a ba ni shayi. Ka yi isha'inka kafin ka fita. A ɗakin kuma kar ka jera waƙa biyu a jere, in wani na yi ka ajiye waya ka tafa masa, in an miƙo maka kacau-kacau ka karɓa ka kaɗa. Wayar da ke jikin bango za ta yi ƙara saura kamar minti goma lokaci ya cika, in ta yi ka san an kusa tashi, a bakin ƙofa ka ɗan sunkuya ka ce otsukaresama deshita, sannunku da aiki kenan.

In ka dawo dan Allah ka rubuto mana wadda ka rera.

TAMBAYA

Malam barka da warhaka. Ni haifaffen Makka ne, Shari' Mansur, shekarata 51. Wasu Jafanawa uku da muke hulɗar kayan mota za su zo mana, mun kama istiraha, wato gidan shaƙatawa, a Abhur da ke Jidda za mu yi musu mandi, shinkafa da nama irin na Larabawa, da tsire, yarana sun ce za su kawo sifika da makirfo. Ni waƙar da na sani tun ina yaro ta katun ɗin nan na talabijin Grendizer ce kawai da Larabci, in na yi ta ba za su raina ni ba?

Ɗan'uwanku daga Makka

AMSA

Barka kadai Yaya. Raini kuma? Ai ka riƙe babban makami. Grendizer nasu ne, Go Nagai ne ya ƙirƙire shi, an fara nuna shi a Jafan a 1975, baƙin naka in sun kai hamsin da ɗoriya da shi suka taso kamar kai. Da yawansu ba su san ya fi farin jini a ƙasashen Larabawa fiye da can gida ba, sai ka nuna musu hoton ƙaton mutum-mutuminsa da aka kafa a Boulevard World a Riyad a 2022, mai tsayin sama da mita 33. Ka yi taka ta Larabci wadda Sami Clark ɗan Labanan ya rera, sannan ka sa yara su nemo ta Jafananci ta Isao Sasaki ka miƙa wa babbansu makirfo ya yi tasa. In akwai mai ƙarancin shekaru a cikinsu ka ambaci katun ɗin ƙwallon nan Kyaftin Majid, amma ka ce Captain Tsubasa don da wannan sunan suka san shi. Tsiren dai a rage masa yaji, a ajiye yajin a gefe a faranti, yawancinsu ba sa jure zafin barkono irin namu.